Baba Sannu-Sannu Ya Sauko Daga Bas

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa bas a cikin gari, kuma layi ɗaya tak ya bi duk tsawon shekarun nan: daga tashar jirgin ƙasa zuwa babban asibiti, ya juya ya dawo. Fasinjoji ne suka raɗa masa Sannu-Sannu, domin ko gobara ta tashi a bayansa ba zai ƙara wuta ba. Idan wani mai gaggawa ya fara tsaki, sai Baba ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, “Ɗan'uwa, asibiti dai za mu. Ka fi so ka shiga da ƙafarka ko a shiga da kai?” Sunan ya biyo shi har gida. Mu 'ya'yansa ba mu isa mu furta ba, amma Inna, in ta gaji da jiransa ya gama ɗaura igiyar takalmi, da shi take kiransa, shi kuma ya amsa.

Aikin ya bar masa shaida a jiki. Hannunsa na wajen taga ya fi ɗayan duhu, sai ka ce aro ya yi. Bayansa ya ɗan ranƙwafa daidai yadda kujerar direba ta koya masa. Ko cin abinci ya zauna yi, ƙafarsa takan riƙa danna ƙasa a hankali tana neman birkin da babu. Abin alfaharinsa a duniya bai wuce biyu ba: bai taɓa buge ko kaza ba, kuma ya san garin nan kamar yunwar cikinsa. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa, sai daga baya muka gane akwai gyara.

Ritayarsa ta zo daidai da kwanciyar Inna, saboda haka bai samu hutun da ya yi ta kwaɗayi ba. Daga sitiyari ya koma jinya. Shi ke juya ta, shi ke ba ta magani, shi ke wanke mata zannuwa duk da muna hana shi. Shekaru suka ɗan tura a haka, har Allah ya karɓi abarsa. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Baba ya ja kujerarsa bakin tagar falo ya zauna. Tagar ba ta kallon komai sai katangar maƙwabta da igiyar shanyarsu. Nan nake samunsa in na biyo daga aiki, nan nake barinsa. Abokan aikinsa na da, wasu sun rasu, wasu sun koma garuruwansu. Maƙwabta kuwa duk sababbi ne, masu fita da sassafe su dawo a gajiye, gaisuwarsu ba ta wuce gyaɗa kai.

Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Yaya ya daɗe da komawa wani gari mai nisa, ni ce a kusa, ina aiki a wani kantin magani. To sai aka yi wa maigidana canjin wurin aiki, kuma garin da Yaya yake aka tura shi. Aka ba mu zuwa ƙarshen zangon karatun yara mu tattara. In muka tafi, Baba zai saura daga shi sai katangar maƙwabta. Yaya ya zo takanas, ya zauna a gabansa, ya yi maganar da ni ma nake so a yi amma bakina ya yi nauyi.

“Baba, ɗaki na nan an gyara maka. Ka haɗa kayanka ku taho tare da su Auta.”

“Ba inda za ni.”

“To wa kake da shi a garin nan? Tsakani da Allah, in ka kwanta ciwo wa zai leƙo ka?”

Baba ya mai da idonsa kan taga. Can ya ce, “Ina da aboki.”

Ni da Yaya muka dubi juna. Tun da muka tashi ba mu taɓa jin labarin wannan aboki ba.

Ya ba mu labarinsa a tsanake. Kowace safiya, a zagayensa na farko, in ya karyo kwanar shataletale kafin gidan waya, akwai wani ɗan shagon gyaran agogo a bakin titi. Da bas ta iso daidai wurin, mai shagon sai ya ɗago kai daga aikinsa ya ɗaga hannu. Baba kuma ya danna masa hon sau ɗaya, gajere. Rani da damina haka suke yi. A gaban idon Baba gashin mutumin ya yi furfura, a gaban idonsa ya zube. Ya ga lokacin da ya yi wa shagon fenti kore, ya ga lokacin da koren ya koɗe.

Yaya ya ce, “Ya sunansa?”

“Ban sani ba.”

“Kun taɓa magana?”

“Ina na ga wurin tsayawa? Babu tasha a wurin. In tsaya da mutane cike da mota in ce ku jira ni zan gaisa?”

Yaya ya yi dariyar da ta ɓata min rai, ko da yake a lokacin ina goyon bayansa. Ya ce, “Baba, wannan ai ba aboki ba ne, alamar hanya ce.” Baba bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Suka ƙulla yarjejeniya irin ta masu taurin kai biyu da suka gaji juna. In Baba ya nemo mutumin nan kafin mu tashi, kuma ta tabbata akwai wanda ya san da zamansa a garin, Yaya zai ƙyale shi. In ba haka ba, ya bi mu ba gardama. Ni aka ɗora wa rakiya, kowace Asabar.

Asabar ta farko na same shi ya riga ya shirya, ya sa rigarsa mai guga, ya kifa hular rana, ga gorar ruwa a rataye, ga wayar da Yaya ya saya masa a aljihun gaba. Na ce, “Baba, sai ka ce ɗan yawon buɗe ido.” Ya harare ni ya ce wanda ya haddace gari ba ya buɗe ido a cikinsa. Muka hau bas, ya zauna a baya yana taka birki da ƙafarsa, yana ƙunƙuni a kan yadda yaran yanzu suke wulaƙanta giya.

Da muka sauka a shataletale, babu shataletale. An faɗaɗa titi, an ɗora gadar sama, jerin ƙananan shagunan nan duk an kwashe su tun yana jinyar Inna. Inda ya ce shagon yake, wata ƙatuwar ƙafar gada ce tsaye, an manne ta da takardun talla. Baba ya zagaya ta, ya sake zagayawa, kamar zai ga ƙofa a bayanta. Wani mai sayar da jarida ya ce shi sabon zuwa ne, amma ya ji an ce mutanen da aka tasa sun watsu cikin lungunan bayan kasuwa.

A hanyar bayan kasuwar nan na fara gane irin sanin da Baba ya yi wa garin. Akwai wani gajeren titi da zai kai mu kai tsaye, na nufe shi, sai ya riƙo min hannu.

“Ba a shiga nan. Fitowa ake yi.”

“Baba, mota aka hana. Mu da ƙafa muke.”

“Doka doka ce.”

Haka ya zagaya da ni ta doguwar hanya, cikin rana, yana tsayawa a kowace matsayar bas ya ɗan dubi hagu da dama kafin ya ci gaba. Lungun da bas ba za ta shiga ba, a wurinsa ba hanya ba ce. Na yi ta mita har na gaji, shi ko gezau. Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce sai dai a daɗe ba a je ba, kuma ni takalmina ya fara cina.

A dawowa gajiya ta yi min aikin da baki ya kasa. Ya yarda muka bi wani titi ta hannun da mota ba ta bi, titin da ya ratsa sau dubbai. Ba mu yi nisa ba ya tsaya cak. Bai gane inda yake ba. Allunan da bayansu kawai ya sani sun juyo suna masa magana. Wani dogon gini da ya sani a matsayin bango marar taga, ta wannan gefen yana da baranda da tukwanen furanni, wata tsohuwa na zaune tana tsefe wa jikarta kai. Baba ya cire hula ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Auta, ashe gidan nan yana da fuska.” Sannan ya ciro waya ya ɗauki hoto, rabin hoton babban yatsansa ne.

Daga ranar abin ya sauya. Muna neman mai agogo, amma kuma muna kallon gari. Lungunan bayan kasuwa cike suke da shagunan da ban taɓa sanin ana iya kiransu shago ba. Akwai mai yanka makulli da ya raɓa injinsa a tsakanin gini biyu, wurin da in ya yi atishawa sai gwiwar hannunsa ta bugi bango. Akwai mai gyaran tabarau, wanda duk dukiyarsa ba ta wuce faɗin tagar ɗakina ba, ƙananan sukurori a cikin murafen kwalba. Akwai wani da ba ya sayar da komai sai igiyar takalmi, kala-kala, sun rataya har suna shafar kansa. Baba ya tsaya a kowanne ya yi tambayarsa, daga nan ya zarce da wasu tambayoyin da ba su shafi agogo ba. Ina kake ajiye ƙafafunka? In ruwa ya sauko ina kake shiga? Ya ce shi saman rumfunan nan ya sani, da saman kawunan mutane, domin daga kujerar direba abin da ake gani ke nan. Bai san a ƙarƙashin kowace rumfa akwai mutum da kujerarsa da rediyonsa ba.

Mai yanka makullin ne ya fara tambayarsa, “Baba, baƙo ne?”

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe baki zai lissafa masa shekarunsa a kan titin garin nan, sai ya dubi lungun da bai taɓa takawa ba, ya sauke numfashi. Ya ce, “Baƙo ne, ɗana. Daga nan kusa.”

Ba a jima ba ya fara fita ko ba ni. In na biyo da yamma sai in tarar da kujerar taga ba kowa, in jira shi ya dawo da ƙura a takalmi da labari a baki. Ranar da ya shiga cikin tashar jirgin ƙasa ya dawo yana ta mamaki. Shekara da shekaru yana ajiye bas a ƙofarta bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Ya ce rufin yana da tsayi kamar me, tsuntsaye sun yi sheƙa a can sama, suna shawagi a kan matafiya ba wanda ya kula. Wata rana ɗakin karatu na gari ya shiga, ya zauna ƙarƙashin fanka ya yi barcinsa, ya tashi ya yi wa ma'aikaciyar godiya. Ya gano wata gada ta masu ƙafa a kan kwata, ya gano bishiyar da ta tsiro ta cikin katangar tsohon gidan sinima. Wayarsa ta cika da hotunan yatsansa a wurare daban-daban. Na yi murna da ganin ƙafarsa ta saki, amma murnar ba ta kai ciki ba, domin duk wannan yawo bai samo mana mai agogo ba, kuma a gidana an fara ɗaure kaya a kwali.

Yaya yana kira yana tambaya, “An ga alamar hanyar?” In ce masa ana nan ana nema. Ban san lokacin da na sauya sheƙa ba. Na dai wayi gari ina jin haushin tambayar.

Wata mai sayar da maɓallai da zif, wadda shagonta akwatin katako ne da aka tsayar a tsaye, ita ta ba mu bakin zare. Ta ce tana cikin waɗanda aka tasa daga shataletale, kuma ta tuna mai agogon, wani dogo marar magana. Ta ce wasunsu an ba su wuri a jikin katangar tsohuwar maƙabarta. Sai ta ƙara da cewa, “Amma fa ya manyanta tun lokacin. Allah ya sa a jikin katangar yake, ba a cikinta ba.” Na ji kamar in toshe mata baki da zif ɗinta.

Muka bi katangar maƙabartar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Masu facin taya, mai walda, mai sayar da tsire-tsire a leda. Babu mai agogo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce tunda mun zo bari ya shiga. Ba a nan aka sa Inna ba, tata tana can bayan gari. Wannan kuwa tana kan layinsa, kullum yana wucewa, daga kujerarsa yana hango kan bishiyoyinta, bai taɓa shiga ba.

Ni na zauna a benci a ƙofar ɗakin mai gadi, wani dattijo mai ɗingishi da ke ban ruwa da tsohuwar buta. Wurin ya ba ni mamaki. Taku kaɗan daga hayaniyar titi, amma ba ka jin komai sai kukan kurciya da ɗigar famfo. Inuwa ta rufe ko'ina, busassun ganye sun kwanta a kan 'yan hanyoyin da ke ratsa kaburbura. Baba ya gaya wa mai gadin abin da ke tafe da mu.

Mai gadi ya ce, “Faɗi sunan. In yana nan zan kai ka har kansa.”

Baba ya ce bai san sunan ba. Wannan karon babu Yaya a wurin, ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi ciwo. Ya juya ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin a hankali, hannuwansa a baya, yana duba allunan ɗaya bayan ɗaya, alhali ko ya taka na mutumin ba zai sani ba. Ina hango hularsa tana ɓacewa tana bayyana a tsakanin bishiyoyi. Da ya dawo ya zauna kusa da ni, ya sha ruwa.

“Auta, saura kwana nawa ku tashi?”

“Ba yawa, Baba.”

“In ya riga ni, to Yayanki ya yi gaskiya. Mutum ya yi shekara talatin yana ratsa gari, a ce babu wanda zai ce ga wane can.”

Na so in ce masa ai ina nan, sai na tuna kwalayen da ke falona. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Mai gadin yana jin mu, yana ta juya butarsa. Sai ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna mana wani tsohon agogo mai fashasshen gilashi. Ya ce akwai wani tsoho da ke taɓa masa shi in ya tsaya. Ba a jikin katanga yake ba, sai an fita ta ƙofar baya, a shiga lungun masu buga katin biki, a ƙarƙashin matakalar wani bene. Ya ce bai sani ba ko shi ne, amma dogo ne, kuma magana sai an ciro ta daga bakinsa.

Muka ratsa maƙabartar muka fita ta baya. A ranar na ga Baba yana sauri, karo na farko a rayuwata.

Shagon ya fi duk waɗanda muka gani ƙanƙanta. Ƙarƙashin matakala ne sosai, rufin ya karkata, mai shagon yana zaune a inda ya fi tsayi, duk da haka kansa na gogar siminti. Agogai sun rufe bango, kowanne da lokacin da yake faɗa. Ƙwan fitila ɗaya na rataye a kan ɗan tebur. Tsohon ya maƙala ɗan gilashin nan a ido, yana riƙe da hantsaki siriri, ya sunkuya a kan cikin wani agogo. Baba ya matse min hannu. Ba sai ya ce shi ne ba.

Ya yi sallama, tsohon ya amsa bai ɗago ba. Ya miƙo tafin hannu yana jiran a sa masa agogo.

Baba ya ce, “Ba gyara na kawo ba. Ɗago ka dube ni.”

Ya ɗago, ya dube shi da idon da ba gilashi, ya girgiza kai. “Ka gafarce ni, ban shaida ba.”

“Ni ne direban bas ɗin safe. Can shataletale, kafin gidan waya. Wanda kake ɗaga wa hannu.” Baba yana murmushi har kunne, ya riga ya miƙa nasa hannun.

Tsohon ya karɓi hannun, amma fuskarsa ba ta sake ba. Ya ajiye hantsakin a hankali. Mutum ne da ba ya iya ƙarya, ana gani an san haka, kuma a lokacin na so a ce ya iya.

“Malam, kada ka ji haushina. Ba kai nake ɗaga wa ba.”

Ya ce matarsa ce. Tana aiki a ɗakin wanki na asibiti, shi yana riga ta fita ya buɗe shago, ita ta hau bas ɗin farko daga unguwarsu. Kullum a kujerar bayan direba take zama, jikin taga. Ita yake ɗaga wa hannu.

Baba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “To hon ɗin fa?”

“Na ɗauka masu tsallaka titi kake kora. Wallahi akwai ranar da ka sa sukurori suka zube min, har na yi maka baƙar magana.”

Direba ne kaɗai zai yi wannan kuskuren. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa duk hannun da aka ɗaga a bakin titi shi ake nufi, ta ina zai kawo wa ransa cewa akwai hannun da ya wuce ta kafaɗarsa? Na dubi Baba, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba, ya tsaya a rabi. Kunya ta kama ni a madadinsa, haushi kuma ya kama ni, ban san ko na wa ba. Ya saki hannun tsohon, ya gyara hularsa, ya ce, “To madalla. Allah ya ba da kasuwa.” Ya juya.

Mun yi taku biyu ko uku tsohon ya ce, “Direba.”

Baba ya tsaya.

“Ta rasu, shekara biyu ke nan. Ko ka san ta? Gajera, tana riƙe da jan kwando.”

Baba ya juyo a hankali. “Mai jan kwando? Wadda in za ta sauka take ce min in riƙa tafiya a hankali?” Ya ɗan yi dariya duk da halin da yake ciki. “Duk garin nan ita kaɗai ta taɓa ce min ina gudu.”

“Ita ce.” Tsohon ya cire gilashin daga idonsa ya riƙe a hannu. Ya yi ta juya shi kafin maganar ta fito. “Akwai abin da ke damuna. Duk shekarun nan ba ta taɓa ɗaga min hannu ba, ko sau ɗaya. In na yi ƙorafi ta ce ita kunyar mutane take ji. Daga inda nake ba na ganin fuskarta sosai, rana na dukan gilashi. Tun da ta tafi nake tunani, anya ma tana dubowa? Ko ni kaɗai nake ta ɗaga hannu kamar mahaukaci?”

Baba ya dawo har bakin teburin. Ya ce, “Madubina na ciki a kan kujerar nan yake sauka. Tun kafin mu kai shataletale take kama gefen mayafinta ta goge gilashin tagar. In muka wuce shagonka sai ta bi shi da ido, ta juya wuya, ta yi ta juyawa har sai kwana ta raba ku. Ni na ɗauka ciwon wuya gare ta. Har na taɓa cewa ta nuna wa likita tunda a asibiti take.”

Tsohon ya ajiye gilashin a kan tebur. Ya sa bayan hannu ya share ido, ya sake sharewa. Agogan bangon suna ta ƙas-ƙas ɗinsu, a sama wani yana hawa matakala, ƙura na ɗan zubo mana.

“Kullum?”

“Kullum. Ko da ranar da kuka yi faɗa.”

“Kai kuma ya aka yi ka san mun yi faɗa?”

“Ranar ba ta goge gilashin. Amma tana waiwaye.”

Tsohon ya yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. Ya sunkuya ya jawo wata 'yar kujera daga ƙarƙashin tebur ya turo ta waje, domin shagon ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya ce, “Zauna. Don Allah zauna ka faɗa min daga farko. In yau ba ta isa ba ka dawo gobe, ni kullum ina nan.”

Baba ya zauna, rabinsa a shago rabinsa a lungu, masu wucewa suna kauce wa gwiwoyinsa. Ya cire hula ya ɗora a cinya. Sai ya tuna da ni, ya ɗago.

“Auta, je ki, yara na jira. In Yayanki ya kira, ki gaya masa gaskiya, ba ni ake ɗaga wa hannu ba. Ki kuma ce masa ɗakin nan ya sa wani a ciki, ina da aiki a nan.”